Ƙahon da Aka Yi wa Yayana

Jikata ta dawo daga biro, wato ofis, ran nan da takarda a hannu, wai likita ya ba ta hutun kwana goma. Ina zaune a ƙofar gidan ubanta nan unguwar Daras Salam a Yamai, inda aka ajiye ni kamar tsohon turmi, na dube ta sama da ƙasa. Ba zazzaɓi, ba tari, ba ɗingishi, kumatu sai sheƙi suke yi. Na ce, “Amarya, me ya kama ki?” Ta ce, “Kaka, gajiya ce, amma ba ta jiki ba. Kaina ne ya gaji.” Wallahi dariya ta taso mini har maƙogwaro. Yarinyar da mota ke kai ta, mota ke dawo da ita, ta wuni cikin sanyi tana danne-danne da ɗan yatsa! Na buɗe baki zan yaɓa mata abin da ya zo mini, sai na ji maganar ba baƙuwa ba ce a bakina. Na taɓa faɗinta sau ɗaya, ga mutumin da ya fi ni komai, kuma har yau ɗacinta bai bar harshena ba. Sai kawai na ce mata ta shiga ta kwanta, na mai da fuska wajen titi.

Mu dai a zamaninmu mun ɗauka babu wanda ya kai mu sanin gajiya. Na zo Yamai ne a shekarar da gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Garinmu can cikin Adar ya watse, kowa ya kama gabansa. Na ɗauko matata da jaririnmu na faɗo wa yayana Illa, wanda yake direban kamiyon gwamnati, babbar motar kaya. Ɗaki biyu gare shi na laka a gidan haya, ya kwashe ƴaƴansa daga ɗaya ya ba mu, bai ko ɓata fuska ba. Kafin watan ya mutu ƙanwarmu ma ta iso da nata biyu. Tukunya ɗaya ce a gidan, kuma aikin Yaya ne ke ɗora ta bisa murhu. Kowa ya san haka, har yaran. In suka ji rurin kamiyonsa daga bakin layi sai ka ga sun watsar da wasa sun ruga, don mutum ne mai raha, kafin ya sauko ya fara tsokanar kowa. Yanzu ɗan’uwa ya zo maka kwana uku, ka ji ana tambaya ta waya yaushe zai koma.

Ni kuwa na samu aikin ban ruwa a lambun wani dattijo Bazabarme a Gudel. Arozuwar biyu ake ba ka, irin bokitin ƙarfen nan mai dogon hanci, ka sauka kogi ka cika, ka hau gangare ka zuba wa salati da shu, wato kabeji, da tumatir, ka koma. Tun sallar asuba har rana ta take tsaka, sannan daga la’asar har magariba. Da na fara, ruwan yana nan ƙasan lambu kaɗan. Amma kogin ja da baya yake yi kamar mai jin kunyarmu. Kowane mako sai ka tarar ya ƙara nisa, ya bar maka laka mai tsagewa tana yanka ƙafa, sannan rairayi mai ƙuna, har ya zamana yara suna tsallaka kogin Isa da ƙafa, ruwa bai wuce ƙugunsu ba. Masunta suka kife jiragensu. Kwaɗin da ke cika mana kunne suka yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar ƙarfe yana bugun ƙauri da numfashin na gabanka. Dattijon zai tsaya bisa gangare ya ce, “Fofo nda goy,” wato sannu da aiki, mu amsa masa da kai don bakin ya bushe. Tafin hannuna ya yi kanta har ba na jin zafin garwashi. In na dawo gida, matata sai ta buɗe mini yatsu ɗaya-ɗaya kafin in iya riƙe ludayi.

Amma wannan gajiyar tana da magani, kuma mun san shi. Ruwan zafi, tausa da man shanu in an samu, sannan ƙaho. Duk ranar Juma’a da hantsi wani tsohon wanzami yakan biyo unguwarmu da zabirarsa. Ka tuɓe riga ka zauna bisa tabarma, ya kafa maka ƙahoni a baya ya zuƙe da baki, ya cire, ya yi ƴan tsaga da aska, ya mayar. In ya ɗauke sai ya juye abin da ya fito cikin kasko. Tun muna yara babanmu yake cewa gajiya jini ce da ta mutu a jiki, in ba a fid da ita ba sai ta kwantar da mutum. Mun yarda da wannan kamar yadda muka yarda da fitowar rana. In jininka ya fito baƙi ƙirin, guda-guda kamar hanta, sai a ce, “Kai, bawan Allah ya sha aiki!” Har alfahari muke yi da shi, ana leƙa kaskon juna. Yaran yanzu ƙwaya suke haɗiya su sha ruwan leda, ba wanda ya taɓa ganin gajiyarsa da idonsa.

Lokacin kuwa na soja ne. Rediyo ba ya faɗin komai sai tamburan bariki da umarni. Mutum ya yi magana sai ya waiga. Da farko kamiyon Yaya hatsi yake kaiwa arewa, yana dawowa fari fat da ƙura amma yana dariya, yana ba mu labarin hanya. Daga baya aka canza masa aiki, kuma bai gaya wa kowa ko na mene ne ba. Sai dai muka ga tafiyar ta zama ta wuni ɗaya, labarin hanya ya ƙare, tuwo kuma sai ya tsakura ya ture wa yara. Wata Laraba ya shigo da la’asar, ya rataye lakile, wato makullin mota, a ƙusar da ke jikin ƙofa, ya shimfiɗa buzu ƙarƙashin itacen bedin tsakar gida ya zauna. Gari ya waye bai tafi ba. Matarsa ta durƙusa ta tambaye shi ko jikin ne. Ya ce, “Na gaji.” Da yamma aka aiko daga garaj: shef, wato shugabansu, ya ce in Litinin ta yi bai zo ba, za a ba wani motar, a kuma kai sunansa wajen soja a kan ya gudu daga aiki. A wancan zamani wannan ba korar aiki kaɗai ba ce, ana iya zuwa a ɗauke mutum. Kowa a gidan ya shiga satar kallon tukunya.

Muka yi masa abin da muka sani. Matarsa ta dafa ruwa, ƙanwarmu ta samo man shanu, ni da kaina na taka masa baya. Ya bar mu muna yi kamar ba jikinsa ba. Da Juma’a ta zo na ce wa mai lambu zan makara, na tare wanzami a bakin layi. Aka fara da ni. Jinina ya fito yadda ya saba, baƙi, mai kauri, har wanzamin ya girgiza kai. Sannan Yaya ya tuɓe. Maƙwabta biyu-uku sun shigo, mata suna leƙe daga bakin madafa. Tsohon ya kafa ƙaho shida, ya jira, ya cire, ya juye a wani kaskon. Ja wur! Tsararo, mai kyau, kamar na ɗan rago. Ya sake kafawa a kafaɗa, haka dai. Ya daɗe yana kallon kaskon, sannan ya dubi fuskar Yaya, ya goge askarsa a hankali ya ce, “Malam Illa, abin da ke damunka ba ya inda ƙahona ke kaiwa.”

Tsohon gaskiya ya faɗa, ni ne na ji ta a karkace. Abin da na ji shi ne: lafiyarsa lau. Zuciya ta ɗebe ni. Na ɗauki kaskon nan biyu, ɗaya a kowane hannu, na ɗaga su kowa ya gani. Na ce, “Jama’a ku duba! Ga jinin wanda ya gaji, ga na wanda ya ce ya gaji. Yaya, kana zaune bisa kushin, inji ke tafiya, ƙafarka ba ta taɓa ƙasa, ko tsinke ba ka ɗagawa. Mu da muke jan kogi da hannu ba mu ce mun gaji ba sai kai? In lalaci ne ka faɗa, mu san yunwa ce za ta kashe ƴaƴanmu a gidanka!” Matarsa ta ce, “Subhanallahi, yayanka ne fa!” Maƙwabta suka sulale. A gidanmu ƙane ko sunan wansa ba ya kamawa, ni kuwa ga ni tsaye a kansa da kasko. Ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe.

Yaya bai ɗaga murya ba. Ya mayar da rigarsa a kan tsagar da ba ta bushe ba, ya ce, “Ka yi gaskiya, ƙanena, ka sha wahala. Ranar Litinin ka bar ban ruwa, ka zo ka raka ni. Ka hau kushin ɗin kai ma ka huta.”

Na tafi ina jin na ci nasara. Da sassafe muka ɗauki motar a garaj. Na lura madubin gefen da nake an ɗaure shi da tsumma, na ce a raina dubi sakaci, na kwance. Yaya ya gani, ya kau da kai. Ba sito muka nufa ba, wani fili muka je a bayan gari, inda waɗanda yunwa ta koro suka kakkafa bukkokin tabarma da kwali. Soja sun riga mu zuwa, sun kewaye wurin. Ashe kayan da Yaya yake ɗauka ke nan. An ce birni ya cika, za a kai su inda za su yi noman rani. Ba a tambayi kowa ko yana so ba. Aka yi ta tura su sama cikin motar, tsofaffi, mata masu goyo, da ƴan ƙullin tsummansu da tukwane. Wata tsohuwa tana ta roƙon sarjan, wai ta aiki jikarta ɗibar ruwa a famfo, a jira ta yanzu za ta dawo. Sarjan ya ce ba a jiran kowa. Aka ɗaga ta kamar buhu aka jefa, aka rufe ƙofar baya. Wani soja ya shigo gaba ya zauna kusa da ni da bindiga tsakanin gwiwoyi, Yaya ya tayar.

Tun kafin mu fita gari aka fara bugun rufin da ke bisa kanmu. Tafin hannu ne a kan ƙarfe, dum, dum, dum, ba da ƙarfi ba. Muka wuce Tondibiya ana bugawa. Muka bar kwalta ana bugawa. In ya tsaya sai in ce alhamdu lillahi, can sai ya dawo. Sojan ya runtse ido kamar mai barci, amma ina ganin muƙamuƙinsa yana motsi. Na dubi Yaya, idonsa na kan hanya, hannayensa sun riƙe sitiyari har jijiyoyi sun fito. Kushin ɗin kuwa da laushi, ba ƙarya.

Rana ta take tsaka muka isa. Fako ne fetal, da rijiya ɗaya da ba a gama gina ba, da ƴan buhuna ƙarƙashin tanti. Aka sauke su. Suka tsaya cirko-cirko suna dube-dube. Sai tsohuwar nan ta zagayo ta gefen direba, ta kama ƙofa ta ɗaga kai. Tafin hannunta ya kumbura. Ta ƙura wa Yaya ido, ta dube ni, ta ce, “Illa? Ba ƴaƴan Hajo ba ne?” Sai a lokacin na gane ta, don yunwa ta canza mata kama. Gwaggo Tamo ce, maƙwabciyarmu a gari, ƙawar mahaifiyarmu, wadda ke ɓoye mana ƙanzo muna yara. Na so ƙasa ta tsage. Na jira ta tsine mana, wallahi da ta yi da na ji sauƙi. Sai ta ce, “Sannunku da hanya, ƴaƴana, kun sha gajiya. In kun koma ku duba mini yarinyar. Tana da jan kallabi, da tulu a kanta.” Yaya ya ce, “To, Gwaggo.” Sojan ya ce a tafi.

Da motar ta juya, sai idona ya faɗa cikin madubin da na kwance da hannuna. Suna biye da mu. Ba duka ba, amma da yawa, mata da yara suna gudu cikin ƙurar motar da hannuwa a sama, suna ƙanƙancewa, wani yana faɗuwa yana tashi. Gwaggo Tamo ba ta gudu ba, tana tsaye inda muka bar ta. Na lalubi tsumman nan a ƙasa ban same shi ba.

Mun iso gida kafin magariba, bayan mun biya filin mun tarar an rushe bukkokin, ba yarinya, ba wanda ya ga inda ta yi. Ranar nan ban ɗaga ko ludayi ba, amma da na zo sauka daga mota ƙafafuna suka ƙi. Sai da Yaya ya zagayo ya kama ni. Ya ce, “Yau ka yi tafiya ɗaya.” Muka yi ƴan taku, ya ƙara da cewa, “In kana so, Juma’a a kira wanzam ya duba jininka.” Ba da gatse ya faɗa ba, shi ya sa ta fi ciwo. Kashegari na koma Gudel na ɗauki arozuwar kamar wanda ya ga uwarsa. Na yi ta sauka ina hawa har kafaɗuna suka ɗauki wuta, ina gode wa Allah da zafin. A nan na gane gajiyar jiki baƙuwar kirki ce: ta zo da yamma, ka ba ta ruwan zafi da tabarma, da safe ta yi sallama. Ɗayar kuwa ba ta san tabarma ba. Ka kwanta da ita ka tashi da ita, ka yi sallah tana bugun rufi bisa kanka.

Da a nan labarin ya tsaya da na ce wauta ce ta ƙuruciya, rashin sani ya fi dare duhu. To, ba a nan ya tsaya ba. Tafiya ta gaba ranar Alhamis ce. Na fito da safe na tarar da Yaya zaune bisa buzunsa ƙarƙashin bedi, bai sa takalmi ba, lakile na rataye a ƙusa. Matarsa tana kankare gindin tukunya don ta dama wa yara. Matata tana zaune a bakin ɗaki, jaririn yana jan nono yana saki yana kuka don ba komai a ciki. Lambun Gudel kuwa rabinsa ya riga ya ƙone. Yaya ya ɗago ya dube ni. Ni kaɗai ne a gidan nan na san abin da ke jiransa, kuma na san abin da yake jira in ce. Kalma kaɗan ce: “Yaya, bari. Mu ɗauki arozuwar tare, bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci.” Ta zo mini har leɓe. Na dubi ɗana. Sai na miƙa hannu na zare lakilen daga ƙusa, na durƙusa yadda ƙane ke durƙusa wa wansa, na miƙa masa da hannu biyu. Ranar Juma’a ban sani ba. Ranar Alhamis na sani sarai.

Ya karɓa. Ya sa takalminsa ya fita. Ya yi ta jigilar nan har aka daina ta, kuma ba wanda ya mutu da yunwa a gidanmu, ko ɗaya. Jaririn nan shi ne mai gidan da nake zaune a ƙofarsa yau, uban yarinyar da likita ya ba hutu. Ruwa ya dawo, kogi ya cika, soja suka tafi, wasu suka zo. Amma Yaya bai dawo ba, jikinsa kawai ke shigowa gida. Raha ta ƙare, yara suka daina rugawa in sun ji mota. Bai sake yin ƙaho ba, bai kuma sake ce wa kowa ya gaji ba. Bayan wasu shekaru ya fara tsayar da mota a tsakiyar hanya ya zauna shiru, ya rasa inda za shi. Aka sallame shi, muka mai da shi gari. Mutane suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Na bar su suna faɗa, don ya fi mini sauƙi.

Yanzu an ce har likita ake da shi na wannan gajiyar, har takarda ake bayarwa a buga mata hatimi. Madalla. Jikata ta yi barcinta kwana goma, na hana kowa ya tashe ta, har uwarta tana cewa tsoho ya fara ruɗewa. Ba ruɗewa ba ce. Kwana nawa Yaya ya nema? Bai ma nemi kwana ba, mutum ɗaya ya nema da zai ce masa ya ji.

Ganina da shi na ƙarshe, na same shi a zauren gidanmu na gari, ya rame, hannayensa bisa gwiwa. Tun daga Yamai nake shirya abin da zan faɗa, shekara da shekaru ina shirya shi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Yaya, ina gajiya?” Ba gaisuwa nake yi ba, Allah ya sani. So nake ya faɗa mini ko sau ɗaya, in ce na ji, in nemi gafara. Ya daɗe yana kallona, har na ga ya gane ni. Sannan ya gyara zama kamar wanda shef ya shigo wa, ya ce, “Babu gajiya.”

Bayan kwana tara aka aiko mini ya rasu. Ina bakin kogi, da arozuwar a hannu.